Allura na kan N, mota kuwa tana tafiya

Mai Akori-kura:
Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da warhaka. Ina neman taimakon waɗanda suka san kan mota otomatik. Hotonta ga shi nan na tura, akori-kura ce ƴar Amurka, ta haura shekara 20, irin mai sandar bitas, wato giya, a jikin sitiyari. Da ita nake ɗauko wake da gyaɗa daga kasuwannin ƙauye zuwa cikin Maraɗi, wani lokaci in kai kaya Ɗan Isa.

A tablo, wato allon da ke gaban direba, akwai ƴar jar allura mai nuna P R N D 2 1: P na ajiye mota, R ribas, N ba bitas, D tafiya gaba, 2 da 1 ƙananan bitas. Yau wata biyu ke nan ita da motar ba sa magana ɗaya. In na taso daga P zan sa D, sai allurar ta wuce D ta kusa taɓa 2 kafin motar ta kama. In kuma na dawo daga D na ajiye allurar kan N daidai, na ɗaga ƙafa daga birki, sai in ji mota tana ja gaba abinta. Na kai wa wani yaro mai gyara, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya murɗa wani ɗan abu, allura ta zauna kan D cif. Na biya na tafi ina murna.

Shekaranjiya da la'asar na tsaya a gangaren da ke sauka wajen gulbi zan sauke buhu biyu. Na tura sanda sama har ta tsaya, na kashe, na zare makulli, na fito. Ina zagayawa ta gefe sai na ga mota tana sulalewa baya a hankali, ba ƙara ba komai. Tarin yashin wani mai gini ne ya tare ta. Yara uku na wasan langa, tsakaninsu da wurin bai fi taku goma ba. Wallahi har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Kuma da safe wani lokaci ba ta tashi a P sai na ɗaga sandar sama da hannu ɗaya ina murɗa makulli da ɗayan. Me ke damun ta? Buwat ce, wato giyabos, ta mutu?

Shugaban Zaure:
Wa alaikumus salam. Innalillahi. Allah ya tsare, Alhaji, ya kiyaye gaba. Masu gyaran da ke cikinmu, don Allah a bar hirar farashin mai tukuna a dubi wannan.

Tsohon Direba:
Allah ya kiyaye. Ɗana, birkin hannu fa? Ban ji ka ambace shi ba.

Mai Akori-kura:
Baba, gaskiya ban ja ba. Tun da na saye ta igiyarsa ta tsinke, na ce ai akwai P.

Tsohon Direba:
To ka fara daga nan. Daga yau har ranar da aka gyara ta, dutse biyu a bayan motarka, kana tsayawa ƙafarka na kan birki yaronka ya sauka ya sa wa taya. Mu da muka yi shekaru muna jan 404 bashe, akori-kurar Fijo mai rumfa, tsakanin Maraɗi da Dakoro ba mu taɓa barin mota ba waigi ba. Ni dai ra'ayina ban ɓoye shi, otomatik ba ta hanyoyinmu ba ce. Batir ya mutu ba ka tura ta ta tashi, ta kafe a rairayi ka yi ta fama. Amma tunda ka riga ka saya, a gyara.

Ɗan Jibiya:
Oga, wannan ƙaramin abu ne. Na rashin tashi, akwai makunni a gefen giyabos, shi ke hana ta. A cire soket ɗin a haɗa waya biyu, za ta riƙa tashi ko'ina ka ajiye giya. Allura kuwa ka manta da ita, direba da jiki yake jin giya. Mun yi wa motoci da yawa haka a nan.

Makanisiyen Zariya:
Ƙanena Ɗan Jibiya, ka yi haƙuri, wannan shawarar ba zan bari ta wuce ba. Mutum ya ce motarsa ta kusa taka yara, kai kuma kana so ka cire abu ɗaya tak da ya rage yana faɗa masa gaskiya. Makunnin nan ba ado ba ne. Aikinsa ya hana inji tashi in buwat tana cikin bitas. Ka haɗa wayoyin, ran nan yaron mota ya zura hannu ta taga ya murɗa makulli tana D, wa zai tare ta?

Alhaji, ka kwantar da hankalinka, daga bayaninka ban ga alamar buwat ta mutu ba. Amma bari in shimfiɗa maka yadda abin yake, don ka gane da kanka.

Daga hannunka zuwa cikin buwat abubuwa ne a jere. Sanda na juya wani bututun ƙarfe da ke kwance jikin sitiyari. Bututun na jan kabul, wato igiyar ƙarfe mai kauri cikin rigarta. Kabul ya bi ƙarƙashin mota ya je ya kama wani ɗan hannun ƙarfe a gefen buwat. Hannun nan shi ke juya abin da ke ciki. A ciki akwai faranti mai tsaga-tsaga kamar zankon zakara, kowace tsaga bitas ɗaya ce, da ɗan ƙarfe mai tsauri da ke faɗawa cikin tsagar, shi ne ƙas-ƙas ɗin da kake ji a hannu. P kuwa ba birki ba ne kamar yadda mutane ke zato. Wani ɗan haƙorin ƙarfe ne, bai fi yatsa ba, ke shiga tsakanin haƙoran wani gargare ya kulle shi. In hannun nan bai kai ƙarshe ba, haƙorin bai shiga ba, mota sake take.

To ina allura a cikin wannan jeri? A irin motarka ba ta ciki sam. Ita siririyar igiyarta daban, kamar zaren ɗinki, daga bututun sitiyari zuwa tablo. Hannunka take bi, ba ta san abin da ke faruwa ƙarƙashin mota ba. Yaron da ka kai wa ya murɗa ƴar tayar roba da ke ja ko sassauta zaren nan. Wato shaida ya gyara wa baki, mai laifi na nan zaune.

Mai Akori-kura:
Allahu akbar. Malam, to ta yaya ka san ba allurar ce ta karkace ba tun farko?

Makanisiyen Zariya:
Kai ka faɗa da bakinka. Ka ce in kana sauka daga P zuwa D sai ka wuce kafin ta kama, in kana hawa daga D zuwa N kuma sai ta ƙi saki. Ka lura, kuskuren yana juyawa tare da hannunka. Kana sauka buwat na baya, kana hawa ma buwat na baya. Da allura ce ta karkace, ko da saitin kabul ne ya goce, kuskuren zai tsaya gefe ɗaya kullum, ko ka taso daga sama ko daga ƙasa. Amma kuskuren da ke bin ka duk inda ka nufa, wannan lako-lako ne, akwai inda ya saki a hanya. Kamar jaki ne da aka ɗaure da doguwar igiya, sai ka yi taku biyu kafin ya ji an ja shi, ka juyo ma haka.

Shi ya sa ba ta kai P. Sandarka ta kai bango ta tsaya, makulli ya fita tunda shi sanda yake dubawa, amma hannun buwat ya tsaya tsakanin R da P. Rashin tashin nan da safe ma shi ne, makunnin yana jikin buwat, yana cewa ban ga P ba. Da ka ɗaga sanda da ƙarfi sai ka cinye sakin, ta kai.

Hajiya Mai Zannuwa:
Sannunku da ƙoƙari. Baba Tsohon Direba, da girmanka, amma ban yarda laifin otomatik ba ne. Shekara shida ina jan tawa, Tasawa, Damagaram, har Yamai na kai ta. Ƴar roba ce ta ƙare, ko mai kuloci ma robobinta na ƙarewa. Abin da nake so in tambaya, tawa ba ta da allura, harafi ne ke haske a tablo. Da damina bara ya riƙa ɓacewa, wani lokaci ba harafin da ke kamawa sam. Shi ma sakin ne?

Mai Lantarkin Mota:
Hajiya barka da rana. Taki daban ce, kuma gara da kika tambaya don kada mutane su haɗa su. Mai harafin wuta daga makunnin gefen buwat take samun labari, shi wancan da ake maganar a tsallake. Don haka ita buwat take bi, ba hannu ba. In sanda na kan D harafi ya ce N, yawanci harafin ne mai gaskiya, sai a nemi saki a kabul. In kuma harafi ya ɓace gaba ɗaya ko yana ƙyaftawa, to makunnin ne ko soket ɗinsa. Wurin yana ƙasa, ruwan watan Agusta na shiga, laka na shiga, masu wankin mota su zo su harba masa ruwa da inji. Ka buɗe soket ka tarar ƙafafun sun yi kore. Sau da yawa wankewa da busarwa kawai ya isa.

Motocin Amurka tun daga 1996 duk suna da bakin nan mai ƙafa 16 a ƙarƙashin tablo inda muke jona na'urar gano matsalar mota. In makunnin ne da matsala takan ba da lamba P0705 ko P0706. Amma na'ura ba ta ganin robar da ta fashe. Na sha ganin an karanta lambar nan an sayi sabon makunni, kuɗi sun tafi, cuta na nan, don tun farko kabul ne bai kai shi inda ya kamata.

Hajiya Mai Zannuwa:
Haka kuwa aka yi, soket ɗin aka wanke mini. Na gode Malam.

Ɗan Jibiya:
Na ji, na janye maganar haɗa waya. Amma ku faɗi gaskiya, in mutum na daji tsakanin Gidan Rumji da wani ƙauye mota ta ƙi tashi, zai kwana ne?

Mai Lantarkin Mota:
Ba zai kwana ba. Ya taka birki, ya gwada N. In ta ƙi, ya riƙe makulli a wurin tayarwa yana motsa sanda a hankali kusa da N ko P, ƙafa na kan birki sosai. Mafi yawa za ta tashi. Wannan na fita daji ne, ba na zama da shi ba.

Makanisiyen Zariya:
Alhaji, ga abin da za ka yi gobe da safe kafin ka kashe ko dala. Nemi fili shimfiɗaɗɗe, ba yara kusa. Sa dutse gaba da bayan taya.

Fara da inji kashe, makulli a buɗe. Wani ya tsaya baya ya dubi fitilun ribas. Ka taka birki ka sauko da sanda a hankali daga P, ya faɗa maka lokacin da farar fitila ta kama da lokacin da ta mutu, kai kuma ka dubi inda allura take. Ka sake yi kana hawowa daga D. Fitilun nan daga makunnin buwat suke, don haka su ne za su gaya maka inda R na gaskiya yake. Tazarar da ka gani tsakanin sauka da hawa, ita ce girman sakin.

Sannan a nemo inda sakin yake. Wurare uku na sani. Na farko ƙarƙashin sitiyari: ka kwanta da tocila, wani na motsa sanda. A wasu motocin Amurka masu sanda a sitiyari akwai ƙusoshi biyu masu kan tauraro da ke riƙe ƙarfen da kabul ke kamawa, suna kwancewa da kansu saboda girgiza, kuma hanyoyinmu na ƙauye ba su bar komai a ɗaure ba. Akwai kuma robobin da bututun ke juyawa cikinsu. Na biyu bakin kabul a jikin buwat, inda ƴar roba ke zaune tsakanin idon kabul da ɗan kan ƙarfen hannun. Na uku inda rigar kabul ke maƙale a ƙarfenta. In maƙalin ya fita, riga da igiya su tafi tare, ba abin da ke isa buwat.

Na roƙe ka abu ɗaya. Duk wanda zai shiga ƙarƙashi, inji a kashe, makulli a aljihunsa, taya a tare. Hannun buwat da yatsa ake fitar da shi daga P. Mutum na kwance ƙarƙashi ya taɓa shi, mota ta taho kansa.

Mai Piyas:
Ni da ke sayar da kayan gyaran mota, shawarata a canza kabul ɗin gaba ɗaya a huta. Mota ta shekara 20, in roba ta mutu igiyar ma ta gaji. Sai dai samunsa ne aiki. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan da ke biyowa ta Kwatano sun yi wuya, sai ta Lome, hanya ta yi tsawo. Na motocin Amurka kuma dama ba su cika yawa ba kamar na Hilux. Sai dai a aika Katsina ko Kano a nemo na jiki. A kawo tsohon a gwada tsawo, don na inji ɗaya ba lallai ne ya hau na wani ba ko da motar suna ɗaya.

Makanisiyen Zariya:
Alhaji Mai Piyas, a nan mun ɗan saba. Na jikin da za a kawo daga Kano shi ma shekararsa 20, robarsa ma ta sha rana. In an cire kabul daga buwat aka ja shi da hannu yana tafiya sumul, ba tsinkakken zare, rigar ba ta ƙone jikin bututun hayaƙi ba, me za a canza? Robar kawai. Masu injin sassaƙa ƙarfe na nan garin suna fitar da ita daga farar roba mai tauri, a kai musu kabul da awon kan ƙarfen.

Mai Piyas:
Wadda aka sassaƙa ba ta da leɓen da ke kama kan ƙarfen. Ta zame a hanya fa?

Makanisiyen Zariya:
Wannan gaskiya ne, kuma shi ne wurin da ake kuskure. Dole a yi mata abin riƙo, washa, wato ɗan zoben ƙarfe, da maƙali, ko a huda kan ƙarfen a sa ƴar ƙusa mai tsaga in yana da tsawon da zai ɗauka. In ba za a yi haka ba, na bi bayanka, a sayi kabul. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗauri da wayar ƙarfe ko robar tayar babur. Yana kai mutum gida, amma na ga wanda ya bar shi wata uku, ran da ya tsinke mota na R a bakin kasuwa, sanda na yawo a hannunsa kamar muciya.

Malamin Fasaha:
Ina biye da ku tun ɗazu, bari in ƙara abu biyu. Kada wani ya ɗauka wannan ciwon tsofaffin motoci ne kawai ko na ƙasashenmu. A 2018 kamfanin Ford ya kira motoci wajen 350,000 a dawo da su gyara, F-150 da Expedition sababbi fil, saboda ɗan maƙalin da ke riƙe kabul ɗin bitas bai zauna daidai ba, sanda na iya nuna P alhali buwat ba ta P. A 2022 kuma ya sake kiran wasu kusan miliyan 2.9 saboda ita wannan ƴar robar bakin kabul, aka ce zafi da laima ke cinye ta. To in zafin can ya cinye ta, ina ga namu na Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga zafin inji, ga ƙurar hunturu na shiga tana goge ta kamar sabulu?

Na biyu, game da buwat da Alhaji ke jin tsoro. Hannun nan yana tura wani bawul ne a ciki mai raba mai zuwa faifan kuloci. In ya tsaya rabi da rabi, tsakanin N da D, mai ba ya isa da cikakken ƙarfi, faifai na zamewa suna zafi. Mota ɗauke da buhu 15 a rairayi cikin wannan hali, ƙaramar matsala na iya zama babba. Don haka a duba man buwat ma. Ja ne mai haske ko ya yi baƙi yana warin ƙuna? Shi zai faɗi ko an yi ɓarna.

Tsohon Direba:
Kun ga abin da nake faɗa. Mu a zamaninmu sanda na shiga cikin buwat kai tsaye, ba ɗan aike.

Hajiya Mai Zannuwa:
Baba, 404 ɗin ma ai sandarta a sitiyari take.

Tsohon Direba:
Haka ne ƴata, kin kama ni. Ita ma tana da sandunan ƙarfe a tsakani, kuma suna saki, mun sha ɗaure su. Na karɓa.

Ɗan Koyo:
Iyayena ina wuni. Ni yaron garaji ne, shekarata biyu. Don Allah in an sa sabuwar roba, yaya ake saita kabul ɗin? Maigidana yana yi amma ba ya bayani.

Makanisiyen Zariya:
Madalla da tambaya, ɗana. Ka riƙe jerin, shi ne rabin aikin: buwat tukuna, sannan sanda, sannan makunni, allura a ƙarshe.

Ka saki kabul daga hannun buwat, ko ka sassauta notin saiti. Ka tura hannun da yatsa har ƙarshe wajen P, ka tabbatar ta kulle, a ɗan tura motar a ji ta ƙi. Daga nan ka ƙirga tsaga: ɗaya R, biyu N, uku D. A Toyota masu buwat ta da, a N ake yi. Ka dawo tsaga biyu, ka sa sanda a N a ciki, wani ya ɗan danna ta kaɗan wajen R, ka ɗaure noti. Wasu motocin a D ake saita su, wasu a P, kowace da ƙa'idarta, ka nemi ta motar da ke gabanka kada ka yi wa kowa kuɗin goro. Amma manufa ɗaya ce, hannun buwat na tsakiyar tsaga, sanda na tsakiyar gurbinta, kabul ya shiga ba ja ba turi. In sai ka ja shi da ƙarfi kafin ya hau, saitin bai yi ba.

Makunni kuma ramukan ƙusoshinsa dogaye ne don a iya juya shi. Akwai layi a jikinsa da ake daidaitawa da tsagar sandar da ya hau, buwat na N. In ba a taɓa shi ba, kada ka taɓa.

Sai gwaji, ƙafa kan birki. Ta tashi a P, ta tashi a N, ta ƙi a R da D da 2 da 1. Fitilar baya a R kaɗai. Ka yi yana sauka, ka yi yana hawa. Duk sun yi, to yanzu ne za ka murɗa ƴar tayar nan ka kawo allura kan harafi. A hankali, robar ta tsufa, tana karyewa.

Mai Lantarkin Mota:
In ƙara masa ɗaya. In an saita yau gobe ya goce, a dubi robobin da inji da buwat ke zaune kansu. In sun yage, buwat na motsi in an ba da wuta, tana jan kabul. Kuma masu motar da ke ja da ƙafa huɗu su sani, in ƙaramar sanda na kan N, ko babbar na P mota za ta gangara, don an raba taya da buwat.

Ɗan Koyo:
Allah ya saka da alheri, na rubuta a littafina.

Mai Akori-kura:
Assalamu alaikum. Na dawo da labari, ku gafarce ni kwana biyu shiru. Jiya da safe mun yi gwajin fitila ni da ƙanena. Ina saukowa fitila ba ta kama ba sai da allura ta kusa N. Ina hawowa kuma ba ta mutu ba har sanda ta kai bango. Wato duk lokacin nan da nake cewa na sa P, motar na bakin R. Jikina ya yi sanyi.

Muka kai ta kan rami. Ƙusoshin ƙarƙashin sitiyari ɗaya ya kwance har ana juya shi da yatsa, ɗayan da sauƙi. A bakin buwat kuwa robar babu ita, sai wani ɗan guntu rawaya da ya rage, na murza shi ya zama gari a hannuna kamar busasshen ƙuli. Idon kabul na rataye kan ƙarfen yana rawa, ɗan yatsana na shiga tsakani. Ikon Allah ne kawai ya hana shi faɗuwa a hanyar Ɗan Isa.

Kabul ɗin lafiya lau, mun ja shi yana tafiya sumul. An sassaƙa roba, an sa mata washa da ƙusa mai tsaga kamar yadda Malam ya ce, an ɗaure ƙusoshin sama da maganin hana kwancewa. Bayan an saita sai ga allura ta karkace gefe guda a kowane harafi, daidai gwargwadon abin da yaron nan ya murɗa. Aka mayar da ita. Man buwat ya ɗan yi duhu amma ba warin ƙuna, mun ce a canza shi da matatarsa mako mai zuwa.

Makanisiyen Zariya:
Alhamdulillahi. Yanzu ƙas-ƙas ɗin ya dawo hannu?

Mai Akori-kura:
Ya dawo Malam, har na manta haka take da. Kowane harafi da nasa.

Mai Piyas:
Barka. Nan da wata ɗaya a sake leƙa robar, a ga ko ƙusar na nan.

Tsohon Direba:
Birkin hannun fa?

Mai Akori-kura:
Baba, ban manta ba. Igiyar na aika a nemo Katsina, an ce sai Laraba. Kafin nan duwatsun na nan bayan mota, yarona ya san aikinsa.

Makanisiyen Zariya:
In ta zo, ga yadda za ka riƙa tsayawa a gangare, musamman da kaya: ƙafa kan birki, sa N, ja birkin hannu, saki ƙafa a hankali motar ta zauna kansa, sannan ka taka ka sa P. Nauyin ya hau birki, kada ya hau ɗan haƙorin nan. Ka turo mini hoton igiyar kafin a biya, in ga ko ta gaba ce ko ta baya aka samo, don kashi-kashi take zuwa.

Mai Akori-kura:
To Malam, in sha Allahu da ta iso zan turo.